Tayar da tsohuwar magana: inda ake kuskure da yadda za a gyara

Da wuya ka sami gidan da ba shi da maganar da aka rufe ba a gama ta ba. Gonar masakwa da aka ba wani aro tun kakanni na raye, bashin da aka ci a kasuwar Garwa ta arewacin Kamaru babu rubutu, gidan gado a Marwa da aka ce a bari sai yara sun girma, ga shi yaran har sun yi furfura. Tayar da irin wannan magana ba laifi ba ne, daɗewa ba ta kashe haƙƙi a wurin Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tayar da ita, har mai gaskiya ya tashi ba haƙƙin, ba zumuncin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauko magana bai san inda aka tsaya ba. Saurayi ya ji a ɗakin mahaifiyarsa cewa baffansa ya cinye gonar ubansa, sai ya riƙe abin a zuci shekara da shekaru. Bai san an taɓa zama a zauren jauro, wato mai unguwa, ba, an yi musaya, ubansa ya karɓi shanu biyu ya bar gonar. Ranar da ya fasa maganar cikin mutane, dattijo ɗaya ya isa ya zaunar da shi, kuma daga ranar ko yana da wata gaskiyar ba mai sauraronsa. Kafin ka buɗe baki, bi waɗanda aka yi zaman da su ɗaya bayan ɗaya: liman, jauro, maƙwabcin gona. Kada ka raina tsofaffin mata, sau da yawa su ne ke riƙe da abin da maza suka manta. Ka zauna ka ce, "Goggo, ranar da aka raba kayan Baba, su wa da wa ke wurin? Me aka ce game da gonar bakin rafi?" Ka tambaya ko akwai takarda, ta ajami ce ko ta Faransanci, domin akan tsinci irinta a ƙasan akwati cikin littattafan mamaci.

In ka tarar an riga an yanke hukunci, tambayi kanka wane sabon abu ka zo da shi. Shaidan da ba a kira ba a wancan karo, takardar da ta fito daga baya, magajin da aka tsallake a rabo, waɗannan dalilai ne. Jin haushi kawai ba dalili ba ne, fama tsohon miki ne. A shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma kai da ka tayar da maganar kai ne mai da'awa.

Sai wuri da lokaci. Mutane na son fasa magana a zaman makoki ko wurin suna, wai don dangi sun haɗu. Wanda ka tsare a gaban surukansa ba zai amsa gaskiya ba ko ya san ita ce, mutuncinsa zai kare. Same shi a gida bayan la'asar, kai da babba ɗaya da yake jin nauyinsa. Maganar gona kuma tana da nata lokaci. Wanda ya share karal, wato filin laka, ya yi dashen masakwa a ƙarshen damina, yana bin kowane rami da ruwa, in ka zo masa da zancen iyaka a wannan hali zai ɗauka amfanin kake so. Bari ya girbe tukuna. Kuma ka zo da magana ɗaya tak. In ta gona ce, kada ka haɗo da auren da aka hana ka da baƙar maganar da matarsa ta yaɓa wa mahaifiyarka.

Wasu kuma tsallake suke yi, daga zaure sai jandarma. A arewacin Kamaru hanya a shimfiɗe take: manyan gida, jauro, lawan wato dagaci, sannan fadar lamiɗo inda akwai alƙali. Gwamnati ma ta san da su, dokar 1977 ta kasa sarautun gargajiya mataki uku, kuma sulhu na cikin aikinsu. In abin ya gagara, suprefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, da kotu suna nan. Amma baffan da aka kai wa sammaci ba a taɓa zama da shi ba, ko ka yi nasara 'ya'yansa ba za su manta ba.

Kuskuren da ba a cika ganewa ba shi ne shirun da ya wuce kima. A fikihun Malikiyya akwai hauzi: in bare ya riƙe gida ko fili shekara 10 yana amfani da shi a matsayin nasa, kai kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana kuma ba ka yi ba, ba za a saurari da'awarka ba. Tsakanin dangi da surukai wa'adin ya fi haka tsawo, saboda an san akwai kara. Ta ɓangaren gwamnati, tun dokokin ƙasa na 1974 da 1976 takardar titir fonsiye ce shaidar mallaka a hukumance, kuma in ta riga ta fita rushe ta aiki ne ja. Saboda haka ranar da ka ga ana awo ana kafa duwatsun siminti a filin da kake da magana a kai, ranar za ka kai ƙorafinka a rubuce. In aro ka bayar, riƙa sabunta shi a gaban shaidu, ko da damin dawa ɗaya ne ake kawo maka duk shekara.

Tsohon bashi ma yana da nasa tarko. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, kaya kuma sun yi ta tsada tun daga nan, sai mai bin bashi ya ce dubu 50 ta wancan lokaci ba ta yau ba ce. Galibin malamai sun tafi a kan cewa adadin da aka ranta shi ake mayarwa, in buhun gero ne kuma buhu za a mayar. In mai biya ya ƙara don kansa, alheri ne. In wanda ya ci bashin ya rasu, sanar da magada kafin a raba gado, domin bashi ake fara fitarwa.

Su ma manya suna da nasu laifin. Da zarar ƙaramin gida ko mace ta ɗaga zancen rabonta sai a ce, "Haba, a bar kaza cikin gashinta." Haƙurin da aka tilasta wa marainiya ba sulhu ba ne, 'ya'yanta za su dawo da maganar lokacin da shaidu sun ƙare. A saurare ta yanzu da sauran masu tunawa.

In Allah ya sa an daidaita, kada a watse da fatiha kaɗai. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. A rubuta abin da aka yanke da kwanan wata, a faɗi iyaka da abin da ba ya gusawa, don tsamiya kan faɗi, rafi kan sauya hanya. Shaidu su sa hannu, a sa matasa a cikinsu, jauro ya buga hatimi, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.