Yadda Ake Rage Zufar Dare a Gida

A Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, rufin kwano kuma yakan riƙe zafin rana har tsakar dare. Wanda ya farka a jiƙe a wannan lokaci, ba abin mamaki ba ne. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai tashi cikin sanyin hunturu rigarsa sharkaf, matashin kai kamar an sheƙa masa ruwa. Wannan kam ba zafin gari ba ne.

Da farko, ka lura da kanka na kwana bakwai. Yaushe zufar ke zuwa, kuma me ke biyo ta? Zazzaɓin cizon sauro kan fara da rawar ɗari, jiki ya yi zafi, sannan gumi ya karyo. Mai ciwon suga da ya sha magani ya kwanta bai ci abinci ba, sugansa na iya sauka cikin dare, ya farka da zufa da rawar jiki. Mai jego takan yi zufa sosai a makonnin farko bayan haihuwa. Haka iyayenmu mata da jinin al'ada ke shirin ɗauke musu, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, sai gumi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba a ƙasarmu ta kiwo: shan ɗanyar madarar da ba a tafasa ba na iya jawo cutar da ke sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare, da ciwon gaɓoɓi.

Na biyu, gyara makwanci. Katifa mai leda a jiki ita ce babbar mai laifi. A shimfiɗa zanen auduga, ko a koma tabarma. Kayan barci su zama na auduga, sakakku. A buɗe taga bayan magariba. In a tsakar gida za a kwana, a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, amma don Allah kada zafi ya sa a ajiye gidan sauro.

Na uku, abincin dare. A ci da wuri, a rage barkono da yaji, a bar shayi mai kauri da kofi da sigari bayan isha'i. A watsa ruwa kafin kwanciya, a ajiye kofin ruwan randa kusa da kai, domin ruwan da jiki ya fitar sai an mayar masa. Damuwa ma na sa gumi, don haka a kashe waya, a yi addu'ar barci a nutse.

Amma fa idan zufar ta haɗu da tarin da ya wuce mako biyu, ko rama ba dalili, ko ƙari a wuya ko hammata, to a bar jiƙe-jiƙe. Waɗannan na iya zama alamun tarin fuka. Gwajin majina da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana kuma warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Ga Asibitin Ƙwararru, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin unguwa mafi kusa. In an tabbatar shi ne, a kai waɗanda ake kwana ɗaki ɗaya da su, musamman yara, a duba su.