Iyaye mata, ku zuba waken yara a jarka tun yanzu

Kaka ta shigo, sabon wake ya fara sauka kasuwa da araha. In kina da ɗan abin hannu, ki sayi na wata shida ko fiye, ki zuba a jarka mai murfi, ba a buhu ba.

Ki shanya shi kwana biyu a rana tukuna. Ki ciji ƙwaya ɗaya: in ta yi ƙaras, ya bushe. Ki cika jarkar har baki, kina girgizawa don ya zauna, sai ki sa leda a ƙarƙashin murfin ki ɗaure tam.

Ƙwarin wake iska suke shaƙa kamar mu. Tun daga gona suke biyo shi da ƙwansu, amma in iskar ciki ta ƙare sai su mutu. Ba sai kin sa maganin ƙwari a abin da yaranki za su ci ba, wannan ne ma ya fi kwantar min da hankali.

Bara na yi kuskure ɗaya. Babbar jarka guda na cika, yara kuma kullum sai sun roƙi ƙosai ko alale kafin makaranta, nan da nan nake buɗewa. Kafin a fita sanyi sai ga gari a ƙasanta, wake duk ƙofofi. Bana ƙanana huɗu na samo, sai ɗaya ta ƙare nake taɓa wata.

Kada ki yi amfani da jarkar da ta taɓa fetur ko kananzir, warin ba ya fita. Ta man gyaɗa ta fi, ki wanke ta bushe sosai. Wake mai danshi kuwa rumfuwa zai yi a ciki.