Yadda za ka fahimci dambarwar fafaromomi da sarakuna a Italiya, daga 1454 zuwa 1530

Kafin ka haddace sunan kowa, ka nemi taswirar Italiya ta wancan zamani ka shimfiɗa a gabanka, domin a lokacin babu ƙasa guda mai wannan suna. Dauloli biyar ne suka fi ƙarfi: Milan, Benis, Fulorens, masarautar Nafoli, da ƙasashen Fafaroma a tsakiya, kuma sulhun Lodi na 1454 ne ya sa suka zauna cikin zaman doya da manja har shekara 40.

Daga nan sai ka riƙa kallon Fafaroma a matsayin sarki mai ƙasa da haraji da mayaƙa, kana tambayar kanka daga wane gida ya fito, kuma wa yake son ya ɗaukaka. Alezanda na 6, wanda ya hau a 1492, ɗan gidan Borjiya ne daga Sipaniya, kuma ya sa ɗansa a gaba wajen cin garuruwa. Yuliyus na 2 kuwa da kansa yake fita fagen fama.

Abin da ya fi buɗe ido, a ganina, shi ne bin sawun kuɗi. Ka duba labarin Jem, ƙanen Sultan Bayazid na 2 na Daular Usmaniyya, wanda aka kawo birnin Rum a 1489 bayan ya sha kaye a neman sarauta. Bayazid ya riƙa biyan Fafaroma dukat 40,000 na zinariya duk shekara don a ci gaba da tsare shi, alhali a bainar jama'a ana ta kiran a yaƙi Turkawa.

Sannan ka kafa shekaru biyu a matsayin turaku. A 1494 Sarki Charles na 8 na Faransa ya tsallako da runduna yana da'awar gadon sarautar Nafoli, lamarin da ya mayar da Italiya dandalin faɗa tsakanin Faransa da Sipaniya. A watan Mayu na 1527 sojojin Sarki Charles na 5, mai mulkin Sipaniya da Daular Rum Mai Tsarki, waɗanda aka daɗe ba a biya ba, suka wawushe Rum, Fafaroma Kilement na 7 ya gudu ya fake a ganuwar Sant'Anjelo. Kada ka rikita Charles ɗin nan biyu: na biyun shi ne wanda Kilement ɗin ya ɗora wa kambin sarautar Daular Rum Mai Tsarki a Bolonya a 1530.