Kurakuran masu cika harsashin .45-70 da hannu don bindiga mai liba

A Amurka da Kanada akwai mafarauta da yawa da ba sa sayen harsashi gamamme daga shago. Sukan sayi kwanson tagulla daban, albarushi daban, ƙwayar harsashi daban, da 'yar hular nan ta gindin kwanso mai kunna wuta, wadda ake kira firaima, su zauna a gareji su haɗa da hannu. Dokar can ta yarda mutum ya yi wa kansa haka. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba, don haka wannan bayani na wuraren da aka halatta abin ne.

Cikin harsasan da aka fi cikawa akwai .45-70, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873. Lambobin sunansa na nufin faɗin ƙwaya kusan inci 0.45 da baƙin albarushi giren 70. Giren ma'auni ne ƙarami, 7,000 ke yin fam ɗaya, kuma giram ɗaya ya haura giren 15. Yau an fi ganin wannan harsashi a bindigogi masu liba, wato masu hannun ƙarfe a ƙarƙashi da ake saukewa a mayar don fitar da kwanso a ɗora sabo, irin su Marlin 1895, da Winchester 1886 da John Browning ya zana, da na kamfanin Henry. Da su ake bin manyan namun daji a kurmin Alaska da makamantansa.

Kuskure mafi girma shi ne buɗe littafin awo, wato mai faɗin yawan albarushin da za a zuba wa kwanso, a shafin da ba na bindigarka ba. Kwanson .45-70 bai canja siffa ba tun 1873, amma bindigogin da ke ɗaukarsa sun sha bamban wajen ƙarfi. Shi ya sa littattafan kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Hodgdon suke raba awonsa gida uku. Gida na farko na tsohuwar Springfield ce mai murfi a sama, wadda ba ta jure matsi mai yawa. Na biyu na bindigogi masu liba ne na zamani. Na uku na irin su Ruger No. 1 ne, mai harsashi ɗaiɗai, wadda makullinta ya fi na sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutum ya ga awon gida na uku ya fi ba da gudu, sai ya kwafa ya zuba wa Marlin ɗinsa, tunda ai harsashin ya shiga, liba ta rufe. Shigar harsashi ba ta nuna komai. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idar harsasai a Amurka, ta tsayar da iyakar matsin .45-70 a psi 28,000, wato fam 28,000 a kan kowane murabba'in inci, saboda tsoffin bindigogin da har yanzu suke hannun mutane, kuma duk awon da ya wuce haka an yi shi ne don wata bindiga takamaimai. Wannan ruɗani ne ma ya sa Marlin da Hornady suka fito da .450 Marlin a shekarar 2000, suka yi wa kwansonsa ɗamara mai faɗi don kada ya shiga tsohuwar bindiga ko da an so a tura shi.

Gyaran ba shi da wuya. Ka duba kan shafi ka ga sunan bindigar da aka yi awon dominta, ka fara daga mafi ƙarancin awo, ka hau a hankali. In kana da bindigogi biyu masu ƙarfi daban, kowane akwati ka rubuta masa na wacce ce, da sunan albarushi da nauyinsa da na ƙwaya. Harsashin da ba a san abin da ke cikinsa ba, warware shi ake yi, ba a harba shi don a gani.

Akwai wani kuskure da ke bin wannan a baya, kuma ƙwararru ne suka fi faɗa masa. Wanda ya saba da bindiga mai sakata, wadda ake ja da makullinta baya da hannu kamar sakatar ƙofa, ya koyi karanta kwanso bayan harbi: in firaima ta baje ko gindin kwanso ya yi sheƙi, an wuce iyaka. Waɗannan alamu sai matsi ya yi nisa ƙwarai suke bayyana, ya zarce abin da bindiga mai liba za ta ɗauka. Ita makullinta a baya yake, kuma tana iya wuce iyakarta kwanso yana fitowa tsaf kamar ba abin da ya faru. In har liba ta fara taurin buɗewa, an riga an makara, a tsaya a sauka. Na'urar auna gudun harsashi ta fi ido gaskiya a nan: idan gudun ya zarce na littafi da irin wannan awo da tsayin bututu, matsin ma ya zarce.

Sai maganar bututun ajiya. A waɗannan bindigogi harsasai na kwance ne a jere ƙarƙashin bututun harbi, hancin kowanne yana tokare da firaimar na gabansa. Duk harbi ɗaya, bindiga ta ja da baya, jerin ya karu da juna. Ƙwaya mai tsini a irin wannan wuri allurar harbi ce ta biyu, tana iya tayar da na gaba, ya tayar da na gabansa, a daidai inda hannun hagun maharbi yake riƙe. Saboda haka mai shimfiɗaɗɗen hanci ake sawa, kuma shimfiɗar ta fi firaima faɗi. Mai zagayayyen hanci ma ni ban yarda da ita ba a harsashi mai duka irin wannan. Abin da aka ware kawai shi ne ƙwayar FTX ta Hornady, mai tsinin roba mai laushi. Ita ma tana da nata sharaɗin da mutane ke mantawa: hancinta dogo ne, sai an rage kwanso zuwa inci 2.040 maimakon 2.105 da aka saba. Kwanson da aka rage ɗin kada ya gauraya da sauran, domin cikinsa ya ƙanƙance, bakinsa kuma ba zai kai inda ake ɗaurewa ba a kan wata ƙwayar. Firaimar da ba ta zauna sosai ba, ta ɗan leƙo waje, ita ma haɗari ce a jeren nan. A shafa gindin kowane harsashi da yatsa, ya kamata a ji ta ɗan nutse.

Wannan karo na cikin bututu shi ne dalilin ɗaure bakin kwanso. Ƙwaya tana da wani tsagi a jikinta, a nan ake lanƙwasa bakin tagulla ya cije ta. In ba a ɗaure ba, ko an yi sakwa-sakwa, duka da turin sifirin za su riƙa cusa ƙwaya cikin kwanso, sarari ya ragu, matsi ya tashi ba tare da an ƙara ko giren ɗaya ba. Harsashin ƙarshe a jere shi ya fi shan wahala, don ya sha dukan duk waɗanda aka harba kafin shi. Masu yawa sun san da haka, sai su zarce: su matse har kwanso ya yi ƙusumbi ƙasa da baki, ya ƙi shiga bindiga. Yawanci laifin ba na ƙarfen da ke matse bakin kwanso ba ne, kwansunan ne tsayinsu ya bambanta, dogo ya matsu fiye da kima, gajere bai matsu ba. A daidaita tsayinsu duka kafin a fara, a zaunar da ƙwaya a zagaye ɗaya, a ɗaure baki a zagaye na dabam. Ɗaurin baki kuma ba ya maye gurbin riƙon da wuyan kwanso ke yi wa ƙwaya. Idan an buɗe bakin kwanso da yawa don ƙwaya ta shiga da sauƙi, ba matsewar da za ta gyara shi.

Tsayin harsashi gaba ɗaya, inci 2.550 ne iyaka a Marlin. Masu bindiga mai sakata sun saba barin ƙwaya ta ɗan fito don ta kusanci tsagin bututu. A nan in ta wuce, harsashi zai maƙale tsakanin bututun ajiya da ɗakin da yake zama kafin harbi, sai an kwance bindiga. A fara haɗa guda biyu na gwaji, ba albarushi ba firaima, a juya su da liba a ga sun wuce. Kuma a matse kwanso tun daga baki har gindi duk lokacin da za a sake cika shi, don liba ba ta da ƙarfin tura kwanson da ya kumbura.

An yi kwanson nan ne don baƙin albarushi mai cin wuri, shi kuwa albarushin zamani marar hayaƙi kaɗan ake bukata. Wasu nau'o'in masu saurin ci, waɗanda ake yin harsashin atisaye da su, ba sa kai rabin kwanso, don haka ana iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya bai zube ba, ido bai lura ba. Bindigogi da yawa ta nan suka tarwatse. A jera kwansuna a faranti bayan zubawa, a haska tocila a leƙa kowanne kafin a ɗora ƙwaya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, waya a wani ɗaki. Kishiyar wannan ita ce kwanson da aka tsallake ba a zuba masa komai ba: firaima kaɗai za ta tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. Duk harbin da ya yi ƙara marar ƙarfi, a sauke harsasai a duba bututu kafin a ƙara. Cusa auduga ko wani abu don cike sararin da ya rage, in ba littafi ne ya ce ba, a bar shi, yana iya yi wa ɗakin harsashi zobe. Maharbanmu masu bindigar toka ma wannan ya shafe su ta wani gefen: albarushin da aka fasa harsashin zamani aka ciro ba ɗaya yake da baƙin albarushi ba, awon da aka saba zubawa na baƙin in aka yi da shi bindigar ce za ta fashe.

Masu zuba ƙwayar dalma da kansu sukan yi kukan dalma na mannewa a bututu, su ɗora laifin a kan laushinta. Sau da yawa siranta ta yi. Ƙwaya mai rigar jan ƙarfe faɗinta inci 0.458 ne, ta dalma kuwa tana son ɗan ƙari, 0.459 ko 0.460, musamman a tsoffin Marlin masu ƙananan tsagi da yawa da ake kira Micro-Groove, kafin kamfanin ya koma tsagi mai zurfi wajen 1998. A auna bututun bindiga a zaɓi ƙwayar da ta cika shi. Narka dalma kuma sai a fili mai iska, a wanke hannu kafin cin abinci, yara su yi nisa. Wanda ya tuna gubar dalmar Zamfara ta 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na ƙarshe, neman gudu don gudu kawai. Guide Gun ta Marlin ta asali, mai bututu inci 18.5, kilo uku da ɗan abu take. A cika mata ƙwayar giren 405 har iyaka, dukanta a kafaɗa zai koya wa maharbi runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan saiti ya tafi. Ƙwaya mai ramin hanci ta giren 300 kuma an yi ta ne don matsakaicin gudu a jikin barewa. In aka kora ta da ƙarfi sai ta farfashe a ƙashin kafaɗar babbar dabba ba ta kai huhu ba, dabba ta gudu da rauni. Don babban nama a zaɓi mai nauyi mai tauri, a matsakaicin awo, a gwada ta a mita 50 da 100 da 150 a rubuta yawan faɗuwarta, domin daga mita 150 ɗin nan .45-70 takan fara sunkuyawa ƙasa da sauri.