Yadda ake bin diddigin sauye-sauyen gidajen rediyon gari na tsawon shekara

Duk wanda ya bari sai Disamba kafin ya zauna rubuta abin da ya sauya a gidajen rediyon garinsu, zato zai rubuta. Rediyo ba jarida ba ce da za a koma a ɗauko tsohon bugu. Abin da aka watsa ya bi iska. Aikin yana farawa ne a makon farko na shekara, da rajistar da za a riƙa gwada sauran watanni da ita.

Kayan aikin ba su da yawa: rediyo mai nuna lambar mita a fuskarta (mai allura ba ta bambance 97.3 da 97.5), abin naɗar murya, da littafi ko jadawali a kwamfuta. Eriyar sandar rediyo a ja ta zuwa kimanin santimita 75, tsawon da ya dace da tsakiyar zangon FM. In da waya za ka saurara, igiyar abin kunne ita ce eriyar, don haka kada a naɗe ta. Ka zaɓi wuri ɗaya, kusa da taga, nesa da caja da fitilun LED masu sa rediyo ƙara, kuma kullum a nan za ka riƙa aunawa. Wanda ya auna a ɗaki a Janairu, ya koma saman bene a Yuni, zai ɗauka rabin tashoshin garin sun ƙara ƙarfi.

A zagayen farko ka bi FM daga 87.5 zuwa 108, kana matsawa 0.1 a kowane taki, da hannu. Maɓallin nema da kansa yana tsallake tashoshi marasa ƙarfi, su kuwa ƙananan tashoshin nan su suka fi yawan sauyawa. Sai matsakaicin zango (wanda ake rubutawa MW ko AM a jikin rediyo): a Afirka da Turai tazarar tashoshi kilohaz 9 ce daga 531 zuwa 1602, a Amurka kuwa 10 ce. Rediyon da aka saita a kan tazarar da ba ta ƙasar ba za ta riƙa faɗawa gefen tasha, muryar ta fito a shaƙe. Kowace tasha ka rubuta mitarta, sunan da take kiran kanta da shi, harshe, irin shirye-shiryenta, lokacin buɗewa da rufewa, sannan ka ba ƙarfinta maki daga 1 zuwa 5.

Naɗin murya shi ne shaidarka. Minti biyar sun isa, daga saura minti biyu awa ta cika zuwa minti uku bayanta, domin a nan tasha take faɗin sunanta, ta sa takenta, ta shiga labarai. A Amurka ma hukumar FCC mai kula da harkokin sadarwa ta wajabta wa tashoshi faɗin harufan lasisinsu da garinsu a kan kowace awa. Ka ɗauka sau huɗu, safe, rana, yamma da dare, a rana ɗaya cikin kowane wata. A MP3 mai kilobit 64, minti biyar ba su wuce megabayit 2.4 ba, tashoshi 30 kuwa za su ci kimanin gigabayit uku da rabi a shekara. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan mita. Sunan tasha ya zo ƙarshe, tunda shi ne abin da kan iya canzawa.

Inda masu wannan aiki suka fi tafka kuskure shi ne wajen shelar sabuwar tasha. Abubuwa uku ke yaudarar kunne. Da dare matsakaicin zango yana tafiya ɗaruruwan kilomita, saboda sashen sararin sama da ke shanye shi da rana yakan gushe bayan faɗuwar rana; don haka rajistar tashoshin gari da rana tsaka ake yin ta. FM ma wani lokaci yanayin iska kan kawo tashar wani gari mai nisa, ta yi awoyi tana fita tangaram, sannan ta ɓace. Na ukun ya fi wuyar ganewa: tashoshi biyu masu ƙarfi suna iya cakuɗuwa a cikin rediyonka su haifar da tashar bogi. Lissafinsa shi ne ka ninka mitar ɗaya sau biyu ka cire ta ɗayar. In akwai 96.3 da 95.1, za ka iya jin muryoyinsu a 97.5 alhali babu kowa a wurin. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da eriya ciki. Tasha ta gaskiya za ta yi rauni a hankali, ta bogi kuwa ɗif take ɗaukewa. Kuma tashar da ke sa kiɗa zalla ba mai magana, galibi gwaji take yi. A rubuta ranar fara gwaji daban da ranar fara shirye-shirye.

Haka ma shiru ba rufewa ba ne. Na'urar watsawa kan lalace, tsawa kan ƙona kayan hasumiya, wuta kan yanke. In ka tarar da mitar tsit babu ƙarar shuu, na'urar tana aiki, sauti ne bai iso ta daga ɗakin shirye-shirye ba. In shuu ɗin ne kawai, a kashe take. Ka duba ta kwana bakwai a jere a lokuta daban-daban kafin ka rubuta "ta yi shiru tun ranar kaza", kalmar "ta rufe" kuma ka ajiye ta sai masu gidan ko hukumar ba da lasisi sun faɗa. Wataƙila ma ƙaura ta yi: a 2017 Norway ta kashe tashoshinta na ƙasa a FM ta mayar da su tsarin rediyon dijital na DAB. Jin tasha a intanet shi ma ba hujja ba ne cewa tana kan iska.

Sayar da gidan rediyo ba ya jiyuwa a kunne ranar da aka yi shi. Alamunsa kan biyo baya da makonni: sabon take, labarai sun koma na haɗin gwiwa da wata tasha, tsofaffin masu gabatarwa sun ɓace lokaci guda. Tabbacinsa yana cikin rajistar hukumar ba da lasisi. Mai gabatarwa kuwa da ba a ji shi mako biyu ba, mai yiwuwa hutu ya tafi. A jira sanarwa, ko a ji muryarsa a wata tashar.

Wajen rubuta rahoton, ka jera abubuwa bisa nauyinsu ga mai sauraro: tashoshin da suka buɗe ko suka rufe, waɗanda suka sauya mita ko harshe, sannan masu gida da ma'aikata. In ba ka da takamaimiyar rana, ka ba da tsakanin naɗi biyu, misali "tsakanin 3 ga Mayu da 2 ga Yuni", tare da sunayen fayilolin biyu a littafinka.