Kurakuran da masta yake yi wajen koya wa yaron shago

A garejojin Suame da shagunan teloli na Aboabo da Asawase a birnin Kumasi na Ghana, magana ɗaya ce a bakin masta: "Kai dai zuba ido." Ba ƙarya ya yi ba, da kallo aka koyi yawancin sana'o'in Zango. Sai dai abin da yaro ya gani ba ya zama sai ƙwaƙwalwarsa ta mayar da shi hoto ko kalma, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure.

Mafi girmansu shi ne yin aiki baki a rufe. Na taɓa tsayawa kan wani masta yana kwance kafireta, hannunsa na sauri, yaro na gefe riƙe da sifana. Da ya gama ya ce, "Ka gani ko?" Yaro ya ce, "Na gani, Masta." Washegari aka ba shi ya ɗaura, ya gama da sukurori biyu a tafin hannu, bai san gidansu ba. Marigayi Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya raba koyo ta hanyar kallo gida huɗu: mai da hankali, riƙewa, gwadawa da hannu, da samun dalilin yi. Yaron nan ya mai da hankali, riƙewar ce babu. A wani gwaji da Bandura ya yi a 1973, waɗanda suka sa wa abin da suka kalla alamar harafi ko lamba, suka kuma maimaita ta, sun fi 'yan kallo kawai tunawa. To, masta, sassauta hannu. Kira sunan kowane ƙarfe, faɗi abin da ke gaba da wanda ke baya, sannan ka sa yaron ya maimaita maka da bakinsa, da Hausa ko da Tonanci (yaren Asante), duk wanda ya fi masa sauƙi.

Teloli kuma nasu kuskuren akasin wannan ne, da lamba suke farawa. Yarinyar da ba ta taɓa yanka yadi ba, "inci goma sha biyar na kafaɗa" ba ya nuna mata komai. Jerome Bruner, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya ce ta hanya uku ƙwaƙwalwa ke riƙe abu: aikin hannu, hoto, sannan alama irin ta kalma ko lamba. A ba ta almakashi da ƙyallen da ya rage, a zana mata da alli, lambar tef ta biyo baya.

Barin yaro shekara guda yana share shago da sayo wake da shinkafa, wannan kam ba koyarwa ba ce, ba sai an ja zancen ba.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa in sun tsawata wa babban yaro a gaban ƙanana, ƙananan ba za su koyi laifin ba. A 1965 Bandura ya nuna wa yara hoton bidiyo na wani babba yana dukan 'yar tsanar roba. Waɗanda suka ga an hukunta shi ba su cika kwaikwayonsa ba, amma da aka yi musu alkawarin kyauta, sai ga su suna maimaita abin da ya yi kamar sauran. Sun koya tsaf, ɓoyewa kawai suka yi. Saboda haka idan ka wanke tsohon fulogi ka ce wa mai mota sabo ne, yaron da ke miƙo maka sifana ya haddace, ko da jiya ka mari yayansa a kan irin wannan. In ka gyara wa babba kuskure, sake yin aikin daidai a gabansu duka, kana faɗin matakan ɗaya bayan ɗaya.