Yadda za ki ɗinka 'yar jakar baiko da yaranki kafin Kirsimeti

Da Disamba ta kama, telolin Sabon Tasha da Kakuri a Kaduna ba sa samun barci, kuma ƙyallayen atamfa sai su taru a ƙarƙashin keke. Ki roƙi telanki ya tara miki, yawanci kyauta yake bayarwa.

Da farko ki bar yaro ya zaɓi ƙyallensa da kansa, ko da launin bai yi miki ba. Ki yanka guda biyu daidai girman tafin hannunki, ki haɗa su fuska da fuska.

Sannan ki zana layi da alli a gefe uku. Yaron da ya kai shekara 6 zai iya bin layin da babbar allura, kina zaune kusa da shi. Ɗinkin zai karkace, wani wuri ya yi faɗi, wani ya tsuke. Don Allah kada ki warware. Ni wadda yarona ya ɗinka bara har yau kakarsa tana nuna wa mata a coci, tana cewa hannun jikanta ne. Ƙananan kuwa ban da allura, su dai su zaɓi maɓallan ado.

Bayan haka ki naɗe bakin jakar kamar faɗin yatsa, ki ɗinke, ki bar 'yar ƙofa. Ki tura igiya da tsinken tsintsiya har ta fito ta ɗaya gefen, ki ƙulla, ki juya jakar.

Ranar 25 ga wata yaro ya durƙusa ya miƙa wa kaka da hannu biyu, ta riƙa zuba kuɗin baiko ko goro a ciki.